Yadda za ka shiga fuskar saba daga nesa ba tare da ka bar wa ɓarayi ƙofa a buɗe ba

Maganar nan ta taso ne wata ranar Asabar bayan la'asar a nan Jidda, wani ƙanina da yake riƙe wa Alhajinsu lissafin kargo ya zo min da laptof ɗinsa jiki na rawa, wai Yaya dan Allah duba min, tun daren jiya nake ganin kibiyar maus tana yawo ita kaɗai a kan sabar da muka yi haya, wato kwamfutar nan da take can wajen kamfani muke shigarta ta intanet, ina kallo tana buɗe burauza tana rufewa, har Ayatul Kursiyyu sai da na karanta. Nace masa kwantar da hankalinka ba aljani ba ne, ɗan Adam ne kamar ni da kai. Da na duba sai na tarar ya ɗora VNC, manhajar da ake ganin allon kwamfuta a sarrafa ta daga nesa, ya bar ƙofa ta 5901 a wangale ga duk duniya, kalmar sirrin kuma lambar wayar ofis ce, wadda take rubuce ɓaro-ɓaro a jikin kowane kwali da suke turawa Kano. Ƙarshenta goge sabar gaba ɗaya muka yi muka sake ta daga farko, domin injin da baƙo ya taɓa zama a kansa ba ka da tabbas ɗin abin da ya ɓoye a ciki.

To abin da na nuna masa ranar shi zan rubuta a nan. Mutanenmu da yawa suna buƙatar wannan abin, masu kargo tsakanin Jidda da Kano, masu harkar Umara a Makka da suke da manhajar lissafi guda ɗaya amma ma'aikata a gari uku, ɗaliban Madina da suke son kwamfuta wadda ba ta mutuwa ko sun tafi hutu gida. Kowa so yake ya ga fuskar kwamfutar da idonsa, ya danna da maus, ba kowa ke jure wa baƙin allon nan na rubuta umarni ba.

Ka fara gane abu ɗaya. Kowace saba tana da ƙofofi masu lamba, kowane aiki da tasa ƙofar. SSH, wato rufaffiyar hanyar shiga saba a rubuta mata umarni, na zaune a 22, RDP, wato hanyar Windows ta ganin allo daga nesa, yana 3389, VNC kuma yana farawa daga 5900 sai a ƙara lambar allo, shi ya sa allo na ɗaya yake 5901, na biyu 5902. Waɗannan lambobin ba sirri ba ne, kowane ɗan dandatsa ya haddace su, kuma ba ma zama suke su nemi taka sabar da hannu ba, injuna ne ke zagaya adireshin intanet dare da rana suna ƙwanƙwasawa, har akwai shafi mai suna Shodan da aikinsa kenan, jera na'urorin da ƙofarsu take buɗe. Saboda haka zancen "waye ya san da ni, ni da nake tura dabino da jallabiya" bai ma taso ba.

Shi VNC tsohon abu ne, a wani ɗakin bincike a Kambirij ta Ingila aka ƙirƙire shi wajen ƙarshen shekarun 1990, lokacin da ake ɗauka duk wanda ke kan layi ɗaya da kai abokin aikinka ne. Tsarin kalmar sirrinsa na asali haruffa 8 na farko kawai yake dubawa, ko ka rubuta haruffa 30 sauran ado ne, sannan a tsarin na asali hoton allon da abin da kake bugawa suna tafiya ne tsirara babu rufi. RDP ya fi shi sutura, amma shi ma a watan Mayu na 2019 aka gano wata ɓaraka da ake kira BlueKeep wadda take ba mutum damar shiga tsofaffin Windows ko kalmar sirri bai sani ba, abin ya kai har Microsoft sai da ta fitar da gyara ga Windows XP da ta daɗe da yin watsi da shi. Don haka dabarar ita ce kar ka bari ƙofar fuskar ta kalli intanet kwata-kwata, ka kulle ta ta ciki, ka bar ƙofa ɗaya tak wato SSH, sai ka zura VNC ɗin ta cikinta kamar yadda ake zura wayar wuta a cikin bututu.

Bari mu ɗauka ka yi hayar saba mai Ubuntu ko Debian. Wajen zaɓen inda za ta zauna ka zaɓi kusa, domin fuskar kwamfuta ba kamar saƙon WhatsApp ba ce, duk motsin maus sai ya je ya dawo. Cikin kamfanonin hayar saba, Oracle ya buɗe cibiya a nan Jidda a 2020, AWS na Amazon ya buɗe ta Bahren a 2019, idan kuma rabin ma'aikatanka suna Kano ne to wani gari a Turai kamar Frankfurt yakan zama raba-daidai. Amurka dai tayi nisa, za ka danna abu ka tsaya jira. Ram kuma, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita, ni a ganina kar ka yi ƙasa da giga 2, in za a riƙa buɗe burauza to 4 ya fi kwanciyar hankali.

Shigarka ta farko yawanci da sunan root ne, wato mai gida mai iko da komai. Kar ka zauna a wannan kujerar, buɗe wani suna na aiki ka ba shi izini:

adduser ofis
usermod -aG sudo ofis

Sai maganar makulli, kuma a nan ne nake so ka nutsu. A kan taka kwamfutar, ba a kan sabar ba, ka buɗe PowerShell in Windows 10 ko 11 kake, ko taminal in Linux ko Mac ne, ka rubuta:

ssh-keygen -t ed25519

Zai tambaye ka inda zai ajiye, danna Enter, sannan ya nemi kalmar kariya. Mutane da yawa tsallakewa suke saboda ganda, dan Allah kar ka tsallake, domin ranar da aka ɗauke maka laptof a cikin cunkoso ko ka manta da ita a tasi wannan kalmar ce kaɗai ta rage tsakanin ɓarawo da sabarka. Fayil biyu za su fito. Wanda ya ƙare da .pub shi ne kwaɗo, shi ake kaiwa a rataya a ƙofar saba kuma ko wa ya gan shi babu komai. Ɗayan mara .pub shi ne makullin, wannan ba ya barin kwamfutarka, ba a tura shi ta WhatsApp, ba a tura shi ta imel, ko Alhaji ne da kansa yace turo min ka ce Alhaji a yi haƙuri bari in zo in yanka maka naka.

Kai kwaɗon saba a Linux da Mac layi ɗaya ne (adireshin da na sa na misali ne, ka musanya da naka):

ssh-copy-id ofis@203.0.113.10

Windows ba shi da wannan umarnin, sai ka bi ta nan a PowerShell:

type $env:USERPROFILE\.ssh\id_ed25519.pub | ssh ofis@203.0.113.10 "mkdir -p ~/.ssh && cat >> ~/.ssh/authorized_keys"

Gwada shiga da ssh ofis@203.0.113.10, in ya wuce da kai da makullin ba tare da ya nemi kalmar sirrin sabar ba to alhamdulillah. Yanzu sai a toshe shiga da kalmar sirri gaba ɗaya. Buɗe fayil ɗin /etc/ssh/sshd_config da sudo nano (sudo aron ikon root ne, nano kuma manhajar gyara rubutu) ka tabbatar waɗannan layukan biyu suna nan babu alamar # a gabansu:

PasswordAuthentication no
PermitRootLogin no

Akwai wani tarko a nan da ya taɓa cin min kusan awa guda. A sabbin Ubuntu akwai folda mai suna /etc/ssh/sshd_config.d/ kuma abin da ke cikinta ake fara karantawa, shi kuma SSH maganar farko da ya ji ita yake riƙewa, to sau da yawa kamfanonin haya sukan bar wani ɗan fayil a ciki da yake cewa PasswordAuthentication yes, kai kana can ka rubuta no kana murna ashe ba a ma saurare ka ba. Leƙa foldar ka gyara, sannan ka tambayi SSH ɗin da kansa me ya ɗauka:

sudo sshd -T | grep -i passwordauthentication
sudo systemctl restart ssh

Kuma kar ka kuskura ka rufe tagar da kake ciki. Buɗe wata sabuwa ka gwada shiga, sai ta yi sannan ka rufe ta farkon. In ba haka ba kana iya kulle kanka a waje da makullinka a hannu, sai dai ka koma shafin kamfanin da ka yi haya ka nemi allon gaggawa, wato wanda suke ba ka ka shiga sabar ba ta SSH ba.

Katangar tsaro, wato manhajar da take toshe duk ƙofar da ba ka ba izini ba, ba ta da wani dogon bayani, amma jerin na da muhimmanci, a fara ba SSH hanya kafin a tada katangar:

sudo ufw allow OpenSSH
sudo ufw enable

Ka lura ban ce ka buɗe 5901 ba, kuma ba zan ce ba har mu gama. In kamfanin hayar yana da tasa katangar a shafinsa, can ma 22 kawai za ka bari. Wasu suna ƙara fail2ban wanda yake korar adireshin da ya cika gwada shiga, yana da kyau ka saka, amma gaskiya da zarar ka toshe kalmar sirri yawancin aikinsa rage hayaniya ne kawai a cikin rajista. In kana son ka ga hayaniyar da idonka rubuta sudo journalctl -u ssh bayan kwana ɗaya, za ka ga baƙi daga ƙasashen da ko a taswira ba ka san inda suke ba suna ta gwada root da admin.

Sai fuskar kanta. Saba ba ta zuwa da fuska, kai za ka ɗora mata, kuma ni XFCE nake sakawa saboda ba ta da nauyi, GNOME kyakkyawa ce amma cin ram ɗinta da wahalar da take bayarwa ta VNC bai dace da ƙaramar saba ba.

sudo apt update
sudo apt install xfce4 xfce4-goodies dbus-x11 tigervnc-standalone-server

Da sunan ofis ɗin nan, ba da sudo ba, rubuta vncpasswd ka sa kalmar sirri. Eh haruffa 8 ne, amma yanzu ba ita ce mai gadin gida ba, ƙofar ɗaki ce a cikin gidan da aka riga aka kulle, duk da haka kar ka sa lambar wayar ofis. Zai tambaye ka ko kana son wata kalmar ta kallo kawai, wannan tana da amfani in Alhaji na son ya riƙa leƙa lissafi ba tare da hannunsa ya goge wani abu ba. Sannan ka ƙirƙiri fayil ~/.vnc/xstartup ka zuba wannan a ciki (a sabon fitowar TigerVNC wurin ya koma ~/.config/tigervnc/, ka duba inda vncpasswd ya ajiye nasa fayil ɗin, nan ne gidan):

#!/bin/sh
unset SESSION_MANAGER
unset DBUS_SESSION_BUS_ADDRESS
exec startxfce4

Ba shi izinin aiki da chmod +x ~/.vnc/xstartup, in ka manta wannan za ka shiga ka tarar da allo baƙi ƙirin ko toka-toka babu komai, ko ma ya ƙi tashi. Sai ka tada shi:

vncserver :1 -localhost yes -geometry 1366x768 -depth 24

Wannan -localhost yes ɗin shi ne zuciyar duk rubutun nan, ma'anarsa VNC ba zai amsa sallamar kowa ba sai wanda ya riga ya shigo cikin sabar. Kar ka yarda da ni kawai, duba da kanka da ss -tlnp, a layin 5901 dole ka ga 127.0.0.1:5901. In ka ga 0.0.0.0:5901 to ƙofar tana kallon titi, kashe shi da vncserver -kill :1 ka sake.

Yanzu bututun. A kan taka kwamfutar:

ssh -N -L 5901:localhost:5901 ofis@203.0.113.10

Abin da kake ce wa SSH shi ne, duk abin da na zuba a ƙofa ta 5901 ta nan gida, ɗauke shi ka rufe shi ruf ka kai shi can saba ka miƙa wa 5901 ta ciki. Bayan ka danna Enter allon zai yi shiru kamar ya maƙale, haka yake, kar ka rufe shi. Buɗe TigerVNC Viewer, a wajen adireshi kar ka sa na sabar, rubuta localhost:1 ko localhost::5901, sa kalmar nan ta vncpasswd, sai ga fuskar XFCE a gabanka. Wani lokacin zai yi maka jan gargaɗi cewa haɗin ba a rufe yake ba, shi iya tsakaninsa da bakin bututun yake gani, bai san SSH ya lulluɓe sauran tafiyar ba. Masu Mac ba sai sun sauke komai ba, a Finder su zaɓi haɗawa da saba su rubuta vnc://localhost:5901. A Linux akwai Remmina wadda take haƙa bututun da kanta, a wayar Android kuma bVNC yana yin haka, na sha duba lissafi da shi ina zaune a cikin jirgin ƙasan Haramain tsakanin Jidda da Madina, sai dai yatsa a kan ƙaramin allo sai haƙuri.

Tunda ba kullum mutum zai riƙa tuna dogon layin can ba, buɗe fayil mai suna config a cikin foldar .ssh ta kwamfutarka ka rubuta:

Host kargo
HostName 203.0.113.10
User ofis
LocalForward 5901 localhost:5901
ServerAliveInterval 30

Daga nan ssh -N kargo kawai ya wadatar. Layin ƙarshen yana sa a riƙa ɗan taɓa sabar duk daƙiƙa 30 don kar layin waya ya ɗauka an tashi ya yanke. Kuma ko ya yanke ba ka yi asarar komai ba, wannan ne abin da nake so da VNC, zaman yana nan a kan sabar yadda ka bar shi, rasit ɗin da kake cikewa yana nan rabi, ka sake haɗa bututu ka ci gaba. Lokacin aikin Hajji da sabis yake cushewa a Makka, ko 'yan'uwanmu na Sudan da tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 samun layi mai kyau ya zama aiki, ku rage girman allo zuwa 1024x768, ku rage launi a saitin manhajar kallon, ku cire hoton bango ku sa launi ɗaya, za ku ga bambanci. Bidiyo dai kar ma a fara, data ce za ta ƙone a banza. Kuma duk wannan saitin a yi shi tun Shawwal a gwada, ba a fafe gora ranar tafiya.

In kai mutumin Windows ne kuma ka fi sabawa da manhajar RDP da take zuwa da shi, to maimakon VNC ka ɗora xrdp, mai sa Linux ya amsa RDP, a sabar, a cikin /etc/xrdp/xrdp.ini ka mayar da layin ƙofa ya zama port=tcp://.:3389 wanda ke nufin ta ciki kawai, ka sake tada shi, sannan bututunka ya zama -L 13389:localhost:3389, a manhajar ka rubuta localhost:13389. Na sa 13389 ne saboda taka Windows ɗin tana iya riƙe da 3389 da kanta. A layi mai rauni RDP yakan fi VNC santsi. In kuma sabar ce kanta Windows, ƙa'idar ba ta canza ba, 3389 ba ta kallon titi, ka kunna tantancewar nan da ake kira NLA, ka riƙa yin sabuntawa duk wata, ka shiga ta bututu ko ta VPN. Ka sani kuma Windows Home ba ya karɓar baƙi ta RDP, sai Pro zuwa sama.

Saura waɗanda tasu kwamfutar ba haya ba ce, tana can a shago a Kano ko a ofis a Shara Mansur a Makka an jona ta da rauta mai layin waya. A nan matsalar daban ce, yawancin layukan waya adireshi ɗaya suke raba wa mutane da yawa, saboda haka ko ka buɗe ƙofa a rautar babu mai iya iso ka daga waje. Mafi sauƙi ka ɗora Tailscale, manhajar da take haɗa na'urorinka a rufaffen layi nasu su kaɗai, a na'urorin biyu, a kan wani tsarin VPN mai suna WireGuard aka gina shi, shi kuma WireGuard tun 2020 ya shiga cikin ƙwayar Linux, kowace na'ura za ta samu adireshi mai farawa da 100 wanda naka na'urorin kawai ke gani, sai ka yi SSH ɗinka da bututunka ta wannan adireshin. Amma ka gane yanzu asusun da ka buɗe Tailscale da shi ya zama babban makulli, ka sa masa tantancewa mai mataki biyu. Na Kano kuma ya shiga saitin BIOS ya sa kwamfutar ta riƙa tashi da kanta in an dawo da wuta, in ba haka ba duk ɗaukewar NEPA sai ka kira yaron shago ya je ya danna, ga shi mu a Saudiyya muna gaba da Kano da awa 2, lokacin da kake buƙata shi ko tashi bai yi ba.

Nasan wani zai ce duk wannan wahalar ta mece ce, ba ga AnyDesk da TeamViewer ba. Suna aiki, ban hana ka ba in taimakon minti goma za ka yi wa wani. Sai dai da irinsu ne masu kiran nan na "daga banki muke za mu sabunta maka bayanan iƙama" suke sa mutum ya buɗe musu wayarsa da hannunsa, shi ya sa ba na son ma'aikacin ofis ya saba da karanta wa murya a waya lambar shiga. Kuma a nan Saudiyya akwai dokar laifukan intanet tun 2007, shiga na'urar wani ba da izininsa ba laifi ne mai ɗauri da tara, don haka abin da ka koya a nan a kan taka sabar kawai.

In ku da yawa ne a ofis kowa a buɗe masa sunansa da makullinsa da allonsa, wannan :1 a 5901, wancan :2 a 5902. Ranar da wani ya bar aiki ko ya yi huruj ya koma gida, ka buɗe fayil ɗin authorized_keys nasa ka goge layin kwaɗonsa, ka kashe allonsa, shikenan ba sai an canza wa kowa komai ba. Sannan in wata rana SSH ya tare ka da manyan haruffa yana cewa shaidar sabar ta canza alhali ba ka goge ta ka sake ba, tsaya, kar ka yi saurin goge gargaɗin, shiga ta allon gaggawa na kamfanin hayar ka rubuta ssh-keygen -lf /etc/ssh/ssh_host_ed25519_key.pub ka gwada lambar da ta fito da wadda aka nuna maka. Mu da muka sake sabar ƙanin nawa mun ga wannan gargaɗin washegari, tunda injin sabo ne a tsohon adireshi, sai muka cire tsohuwar shaidar da ssh-keygen -R 203.0.113.10 muka karɓi sabuwar bayan lambobin sun yi daidai.